Waɗanda Suka Tsaya a Bayan Ɗangoggo

Duk mai shiga tashar motar Jabi ya san mutumin nan. Dogo ne, babbar rigar shaddar da ke jikinsa ta zama tsumma, kuma ba ya yin nisa bai waiwaya ba. In ka yi kuskuren biyo bayansa sai ya juyo a firgice, ya cusa maka murfin kwalba ko guntun leda a hannu yana roƙo: "Karɓi, don Allah karɓi." 'Yan kamasho suna yi masa dariya, mata masu abinci suna jin tausayinsa. Waɗanda suka san tarihinsa ba sa yin ko ɗaya. Tofar da yawu suke yi su wuce.

Sunansa Ɗangoggo, kuma ya taɓa zama ciyaman na wata jam'iyya a duk faɗin Abuja. Ba sai an kama sunan jam'iyyar ba.

Daga Zariya ya zo yana sayar da tsofaffin tayoyi a bakin wannan tashar. Ya kama ɗaki a Mpape, a gidan wani manomi ɗan asalin wurin mai suna Jonah. Shekarar da aka rushe rumfarsa, Jonah ne ya bar shi da matarsa Rakiya da ɗansu Musaddiq suka ci gaba da zama, yana aiko musu da doya daga gona. Jonah ne kuma ya kai shi taron jam'iyya na mazaɓa, ya gabatar da shi ga ciyaman na jam'iyyar a duk Abuja, Alhaji Abdulbasit.

Alhaji ya ɗauke shi daga manna fasta ya mai da shi sakataren tsare-tsare. Ɗangoggo kuwa ya iya biyayya irin ta kare mai jiran ƙashi. Shi ke riƙe wa Alhaji waya, shi ke juya masa takalmi a ƙofar masallaci, kuma kafin Alhaji ya gama ba da labarin ban dariya har ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki.

Da wa'adin Alhaji ya ƙare ya ce zai zarce, sai jam'iyya ta tsage gida biyu: 'yan gidan Alhaji da masu kiran kansu 'yan canji. Ɗangoggo ya riƙa cin tuwon rana a gidan Alhaji yana zagin 'yan canji, bayan la'asar ya sulale wurin 'yan canji ya zazzage musu duk abin da ya ji. Su 'yan canjin ba wani canji suke so ba, haushinsu kawai ba a raba da su. Suna neman wanda za su tsayar, Ɗangoggo ya buga ƙirji. Suka ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi, ɗayansu ya ce, "Da wane aljihun?"

Ana cikin haka uwar jam'iyya ta sanar cewa zaɓen ƙato-bayan-ƙato za a yi. Babu akwati, babu ƙuri'a a ɓoye. Kowane ɗan takara zai tsaya a fili da rana tsaka, daliget ɗin da ke son sa su jeru a bayansa, a ƙirga. Wanda bai cika aljihun daliget ba, shi da inuwarsa zai tsaya.

Wani dillalin filaye ne ya raɗa masa labarin bokan da ke can saman duwatsun Mpape, bayan tsohon ramin da kamfani ya gama fasa dutse ya bari ruwa ya cika. Ɗangoggo ya hau da rana tsaka, gumi ya jiƙe masa riga, ƙarar nakiyar masu fasa dutse tana girgiza ƙasa daga nesa. Da ya ƙetare dutse na ƙarshe sai ƙarar ta ɗauke ɗif. Ko tsuntsu babu. Ruwan ramin kore ne shar, ba ya motsi, wari kamar na tsohuwar rijiya yana tashi daga cikinsa.

Bokan ba tsoho ba ne, wannan ne ya fara ba shi tsoro. Ɗan siriri ne mai tsabta, da singileti fari, yana zaune a bakin wani kogo yana murza yumɓu. A gabansa ga 'yan mutum-mutumi birjik, kowanne tsawon ɗan yatsa, kowanne da tafin hannu a buɗe. A cikin kogon an rataye bayan riguna, bayan kawai, an yanke su da almakashi: shadda, leshi, kwat. Wasu sun yi funfuna, wasu har yanzu da sitacinsu.

"Sannu da hutawa, Malam," in ji Ɗangoggo.

"Ni ba malam ba ne. Ajiye carbin nan a waje."

Ya ajiye. Ko jinkiri bai yi ba.

"Kujera nake so."

"Ba na sayar da kujera. Kuɗi nake bayarwa, kai ka san yadda za ka yi da su." Bokan ya jawo wata jakar gana-mas-go da ta koɗe, ya tura masa da ƙafa. "Wannan ba ta ƙarewa muddin tana hannunka."

Ɗangoggo ya jawo ta kusa. "To, Baba, me za a kawo? Baƙin sa? Zakara?"

"Ba na cin nama. Ranar layi, duk wanda ya tsaya a bayanka da kuɗinka a jikinsa ba ruwana da shi. Kuɗin nawa ne, shi ma ya zama na kuɗin, ba zan karɓi abin da yake nawa ba. Wanda nake so shi ne wanda zai tsaya bayanka hannu wayam, don kai kawai."

Ɗangoggo ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "A Abujar nan? Baba, ka taɓa ganin daliget kuwa? Sallama ma ba sa amsawa sai sun ji nauyin ambulan. Wallahi ka yi faɗuwa a cinikin nan."

"In babu, ka ci riba."

"In kuma na bai wa kowa, har na gida?"

"Ka tsira da kowa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ba layin bana kaɗai ba. Kowane layi, muddin jakar tana wurinka. Ka yarda?"

"Na yarda mana."

Bokan ya sa shi ya durƙusa yana fuskantar dutse, bayansa ga ruwa. Ya ji sanyin almakashi yana bin gadon bayansa, aka cire bayan rigar ɗungum. Aka shafa masa wani baƙin mai a ƙeya, mai wari kamar ƙonannen gashi. Ya ji bokan yana jera 'yan mutum-mutumin a bayansa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana saka wa kowanne tsakuwa a hannu, yana gunguni da wani harshe da ba na mutane ba.

"Kada ka waiwaya."

Sai ya ji wani abu ya faɗa ruwa, tsundum. Yumɓu mai tsawon yatsa ba ya irin wannan ƙara. Ƙarar babban mutum ce. Kafin ruwan ya lafa, wani ya sake faɗawa.

Da aka ce ya tashi, ya saci kallo. Layin yana nan, kowanne da tsakuwarsa. Can a bakin ruwa akwai guda ɗaya da ya karkata, hannunsa babu komai. Bokan ya sa yatsa ya tallafe shi.

"Wannan da saura," ya ce.

A hanyar saukowa Ɗangoggo ya yi lissafinsa, don ba wawa ba ne, mugu ne kawai. Mutum biyu ya hango. Akwai Jonah, daliget ɗin Mpape. Akwai kuma Rakiya, wadda shi da kansa ya cusa sunanta cikin daliget na mata don ya rage yawan bakunan da za a ciyar. Musaddiq yana kudu yana bautar ƙasa, ba ya cikin lissafi. Maganin abin mai sauƙi ne: a ba su ambulan kamar kowa.

Jaka ta buɗe baki. 'Yan canjin da suka tambaye shi aljihu suka koma kiransa Jagora. Ya kama otal guda ya kulle daliget a ciki, ana ɗura musu kaji da lemo, an karɓe wayoyinsu don kada 'yan gidan Alhaji su yi musu tayi. Waɗanda jiya suka dafa Alƙur'ani da Baibul a falon Alhaji cewa ba za su ci amanarsa ba, su ne a sahun gaba wajen layin farfesu.

Jonah ya ƙi kwana a otal. Ya zo dai ya gaishe shi, da takalminsa na gona.

"Ɗan haya na ya zama babban mutum," ya ce yana dariya, da Hausarsa ta ɗan asalin Mpape. "Amma abin da ka yi wa Alhaji ba kyau, ka sani. Mutumin nan ya riƙe ka."

"Mai gida, siyasa ce."

"Siyasa ne ko ba siyasa ne ba, ni zan tsaya bayanka. Yaronka a tsakar gidana ya koyi tafiya. Madam ɗinka ma ya ce mini tun asuba zai zo."

"Za a kawo maka saƙo. Ka karɓa fa."

"Wane saƙo kuma? Ka bar wannan magana."

A nan ne ya kamata Ɗangoggo ya sa hannu a aljihu ya danƙa masa da kansa. Amma a ƙa'idar manyan 'yan siyasa, ɗan takara ba ya miƙa ambulan da hannunsa. Wannan aikin yara ne, kuma yanzu shi Jagora ne, ga mutane suna kallo. Rakiya kuwa, ko gida bai leƙa ya gan ta ba tun da aka shiga otal. Sai ya kira kodinetansa Nazeer, wani mai baki kamar reza, ya ce, "Kowa da kowa. Har Hajiya, har Jonah. Ka ji ni?"

"An gama, oga."

Ranar zaɓe layin Ɗangoggo ya miƙe har ya karya kwana. Alhaji Abdulbasit ya tsaya da tsirarun tsofaffi a bayansa, yana kallon mutumin da a da yake juya masa takalmi. Aka ɗaga hannun Ɗangoggo, maroƙa suka ɓarke.

Daga nan dukiya ta zo kamar an fasa madatsa. Ya sayi gida a Gwarinpa mai ƙofar da ke buɗe kanta, ya jera motoci, ya rufe kan titi da masu gadi. Duk mai son takarar kansila ko ciyaman na ƙaramar hukuma sai ya zo ya durƙusa. Masu yi masa dariya tun kafin ya gama magana suka cika falo.

Ba a rufa wata ba aka tsinci gawar Jonah a gonarsa ta doya. A kan tudu yake, rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Amma kayansa sharkaf suke, koren ruwa yana fita ta hancinsa da bakinsa, tafin hannunsa na dama a buɗe. Ɗangoggo ya aika da buhunan shinkafa da tanti mai hotonsa. Bai je ba.

Sai Rakiya ta fara. Da farko tsayawa take yi a bayansa, duk inda yake a cikin gidan, ba ta magana. In ya juya sai ta nuna masa tafin hannunta ta ce, "Baban Musaddiq, duba, ba komai." Ta daina shan ruwa, ta ce wari yake. Ta ce in ta yi sujada tana jin ƙasa tana lumewa. Aka kawo masu ruƙiyya, aka kai ta asibiti mai tsada, aka dawo da ita. Wata safiya mai aiki ta same ta a kan sallaya ba rai, hijabinta yana ɗiga, tayil ɗin ɗakin duk gansakuka.

Bayan sadakar uku Ɗangoggo ya ja Nazeer ɗaki ya shaƙe masa wuya.

"Ambulan ɗin Hajiya da na Jonah, ka ba su?"

Nazeer ya ɓamɓare hannunsa, ya gyara hula. "Haba oga. Madam zan miƙa wa ambulan? Ai raini ne. Jonah kuwa ko duka za a yi masa bayanka zai tsaya. Wa yake ɓarnar kuɗi a kan ƙuri'ar da take tabbas?"

"Ina kuɗin?"

"Inda irinsu suke zuwa. Oga, kai ka koya mana fa. Lokacin Alhaji, na 'yan gida ba aljihunka suke shiga ba?"

Bai kore shi ba. Nazeer ya san inda daliget suke kwana, kuma ana bukatarsa, domin 'yan gidan Alhaji sun kai ƙara. Jam'iyya ta koma sakatariya biyu, tambari biyu, kowane ɓangare yana korar ɗayan a gaban 'yan jarida. Da abin ya ishi uwar jam'iyya sai ta rushe zaɓen, ta ce a sake sabon layi.

A lokacin Musaddiq ya dawo. Saurayi ne natsattse, mai kamar uwarsa, ba ya shiga falon 'yan dariya. Matasan Mpape, waɗanda suka taso tare, suka zaɓe shi daliget ɗinsu ba tare da uban ya sani ba. Labari ya iso kunnen Ɗangoggo. Ya tuna ɗan mutum-mutumin da ya karkata a bakin ruwa.

Ya ɗauki jakar ya sake hawa dutsen. Bokan yana inda ya bar shi, yana murza yumɓu.

"Ɗana ne," in ji Ɗangoggo. "Shi kaɗai ya rage mini."

"Na sani."

"A canja da wani. Ina da mutane, ka zaɓi ko nawa."

"Ba ka da mutane. Uku ka taɓa samu, biyu suna ƙasan ruwan nan." Bokan ya nuna bakin kogon da haɓa. "Ajiye jakar a can, ka janye takara, ka koma kan tayoyinka. Babu jaka, babu ciniki. Yaron ya rayu har ya ga jikoki."

Ku ji fa. An buɗe masa ƙofa, ba a nemi ko ɗigon jini ba. Ya ajiye jakar. Ya miƙe. Ya tsaya yana kallonta. Ya hango kansa a bakin tasha yana jayayya da direban tasi a kan tsohuwar taya, Nazeer yana wucewa a mota. Sai ya sunkuya ya ɗauki abarsa.

"Wannan karon da hannuna zan ba shi," ya ce.

Bokan bai ɗago kai ba.

A gida ya kira Musaddiq, ya miƙa masa ambulan mai kauri. Saurayin ya kalli ambulan ɗin, ya kalli ubansa.

"Baba, na mene ne?"

"Na daliget. Kowa ya karɓa."

"Ni ne kowa?"

"Karɓi, na ce!"

"Baba, duk garin nan ana zaginka, ina ji ina haɗiyewa. Ban yarda da rabin abin da kake yi ba, Allah ya sani. Amma Umma ta tsaya bayanka, ni ma zan tsaya. Sai dai ba za ka saye ni kamar su Nazeer ba."

Gaskiya ɗaya ce za ta cece shi a nan. Da ya ce, ɗana, na je wurin boka, ni na kashe uwarka, da yaron ya tsane shi ya rayu. Amma Ɗangoggo ya fi son a ci gaba da ganin girmansa. Sai ya ɗauke shi da mari, ya ce in bai karɓa ba bai yafe masa ba duniya da lahira. Musaddiq ya sunkuyar da kai, ya sa hannu biyu ya karɓa.

Ɗangoggo ya yi barci har da minshari.

Ranar layi rana ta take. Daliget sun karɓi nasa, sun karɓi na Alhaji, suna tsaye a inuwa suna jiran su ji inda iska ta nufa. Sai magana ta zo daga sama cewa manya sun sasanta, Alhaji ake so. Nazeer ne ya fara tsallakawa, yana ɗaga hula yana kirari. Sauran suka bi shi kamar tumaki, har da masu sanye da rigar da ke da hoton Ɗangoggo a ƙirji.

Ɗangoggo ya tsaya a tsakiyar fili, ƙeyarsa tana zafi daidai inda aka shafa man nan. Bayansa shiru. Sai ya ji takun mutum ɗaya ya zo ya tsaya.

"Ina nan, Baba," in ji Musaddiq a hankali. "Kada ka damu da su."

"Saƙon yana jikinka?"

"Yana cikin aljihun babbar rigarka. Na saka tun da safe, kafin ka sa ta. Ka yafe mini, Baba. Ba zan iya ba."

Ɗangoggo ya cusa hannu a aljihu, ya ji kaurin ambulan ɗin. Ya fizgo shi, ya juya yana ihu, "Karɓi! Karɓi!" Amma mai ƙirga ya riga ya iso, ya dafa kafaɗar saurayin ya ɗaga murya: "Ɗaya!"

Musaddiq ya yi tari. Koren ruwa ya zubo masa ta baki ya jiƙe gaban rigarsa. Ya durƙusa a kan busasshiyar ƙasa yana kama iska kamar mai nutsewa, uban yana ta tura masa ambulan a hannu, yatsun suna ƙin rufewa. A ɗaya gefen filin ana ta kiɗa, an ɗaga Alhaji sama. Sai da aka gama murna aka lura yaron ya cika.

Da aka buɗe jakar a Gwarinpa, tsakuwa ce jiƙaƙƙiya. Gidan da motocin, waɗanda suka yi masa dariya a falo su suka raba. Babu wanda ya bi shi ko zuwa bakin ƙofa.

Mu da muke da samari a gida, waɗanda suka fara dawowa da hular jam'iyya da 'yan kuɗi a aljihu suna cewa wane ya ce zai ɗora su, ba ma barci da ido biyu rufe. Ku ji tsoron Allah, ku ji tsoron kwaɗayi. Boka ba ya neman abin da kuka tara, abin da Allah ya ba ku kyauta yake nema, kuma ba ya ƙwace, ku ne kuke miƙa masa. Wanda duk zuciyarsa ta fara raya masa hawa dutse, ya fara biyawa ta tashar Jabi. Ya bi bayan mutumin nan, ya ga yadda yake juyowa. In ya cusa maka murfin kwalba, ka karɓa. Za ka ga ya yi ajiyar zuciya, ya leƙa bayanka yana neman na gaba.